Barasa, Ƙwayoyin Gado da Zuciya: Ina Aka Kwana Kan Zancen "Ɗan Kaɗan Magani Ne"?

A watan Janairun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadi na barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Shekara guda kafin nan, Tarayyar Ƙungiyoyin Likitocin Zuciya ta Duniya ta faɗi makamancin haka game da zuciya. Sai kuma a Disambar 2024 wani kwamitin masana na Cibiyoyin Kimiyya na Ƙasa a Amurka ya fitar da rahoton da ke cewa masu sha daidai-wa-daida sun fi waɗanda ba su taɓa sha ba ƙarancin mutuwa ta ciwon zuciya. Ga kuma kamfanonin gwajin ƙwayoyin gado da ke tallar cewa za su faɗa wa mutum yadda jikinsa ke ɗaukar barasa. Dole mai karatu ya rikice.

Akasarin masu karanta Hausa ba sa shan barasa, kuma hukuncinta a addini sananne ne, ba shi ake tattaunawa a nan ba. Amma zancen "jan ruwan inabi na gyara zuciya" yana yawo a WhatsApp da sunan kimiyya, ma'aikatan lafiya suna duba marasa lafiya masu sha, sannan darasin da ke cikin lamarin ya shafi duk wanda aka taɓa miƙa wa takardar gwajin kolestarol.

Aikin hanta, mataki-mataki

Sinadarin da ke bugarwa a kowace irin giya shi ne itanol. Fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da aka sha hanta ce ke sarrafa shi, ragowar ya fita ta numfashi da fitsari da gumi. Aikin hawa biyu ne. Da farko wani enzayim, wato furotin da ke sarrafa sinadarai a jiki, mai suna ADH yana mayar da itanol ya zama asetaldehayid, wanda guba ne: yana manne wa furotin da DNA, yana buɗe jijiyoyin fata, yana sa zuciya bugawa da sauri. Daga nan enzayim na biyu, ALDH2, yana mayar da gubar ta zama asetat, wanda jiki ke ƙonawa ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa. Ga wanda ya daɗe yana sha da yawa, hanta tana ƙara buɗe wata hanya ta uku da ake kira CYP2E1, ita kuma tana barin tarkacen sinadarai masu ƙona ƙwayoyin hantar.

Hantar babban mutum tana iya sarrafa kimanin giram 7 zuwa 10 na itanol a awa guda. Lissafin abin da ke cikin kwalba kuwa ba wuya: a ninka yawan mililita da kason barasar, sannan a ninka da 0.789. Kwalbar giya mai mililita 600 da kashi 5 cikin 100 tana ɗauke da kusan giram 24, wato ma'auni biyu da ɗoriya a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke ɗaukar giram 10 a matsayin ma'auni ɗaya. Amurka tana lissafi da giram 14, Birtaniya da giram 8, shi ya sa "kofi ɗaya a rana" ba abu ɗaya yake nufi a kowane bincike ba. Burukutu da ogogoro kuwa ba su da tsayayyen ma'auni, ƙarfinsu ya danganta da wanda ya dafa.

Inda gado ke shigowa

Umarnin ƙera waɗannan enzayim ɗin yana rubuce ne a ƙwayoyin gado, kuma kowa yana da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Sauyin harafi ɗaya a rubutun yana iya sauya saurin aikin.

Na farko shi ne ADH1B, ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon da ke ƙera ADH, da ke kan kuromozom na 4 (kuromozom shi ne ƙunshin da ƙwayoyin gado ke jere a ciki). Akwai nau'insa mai sauri, wanda masana ke yi wa lamba rs1229984, da a gwajin ɗakin bincike ya ninka na yau da kullum sauri kusan sau 40. A cikin jikin mutum bambancin bai kai haka ba, amma ya isa ya sa asetaldehayid ya taru da wuri, shan ya zama babu daɗi. Mafi yawan mutanen Sin da Japan da Koriya suna da shi, ana samunsa a Gabas ta Tsakiya da tsakanin Yahudawa, a Turai kuwa ƙalilan ne. Akwai kuma wani nau'in mai sauri na daban, ADH1B*3, wanda kusan a jinin Afirka kawai ake samunsa.

Na biyu, wanda ya fi kowanne tasiri, shi ne ALDH2 da ke kan kuromozom na 12. Nau'insa mai lamba rs671 yana samar da enzayim gurgu. Da yake enzayim ɗin haɗakar guntaye huɗu ne da ke aiki tare, gurgu ɗaya yana ja wa sauran baya, don haka ko mai kwafi ɗaya tak aikinsa yana faɗuwa ƙasa da rabi sosai, mai kwafi biyu kuwa kusan babu. An ƙiyasta mutum miliyan 540 ne ke ɗauke da shi, kusan dukkansu 'yan asalin Gabashin Asiya, inda kimanin mutum ɗaya cikin uku ke da shi. Alamarsa ba ta ɓuya: kurɓi kaɗan, fuska ta yi ja, zuciya ta hau bugu, ga tashin zuciya da ciwon kai. Wanda ya haɗa ADH1B mai sauri da ALDH2 gurgu, lamarinsa kamar gidan da ruwan sama ke kwararowa da ƙarfi alhali magudanar a toshe take. Maganin disulfiram da ake bai wa masu son daina sha da gangan yake toshe wannan enzayim ɗin don ya haifar da irin wannan wahala.

Na uku shi ne ADH1C, shi ma na ƙera ADH ne, mai nau'in sauri da nau'in jinkiri. Tasirinsa ƙarami ne, amma a kansa aka fara gina fatan da za a yi bayani a gaba.

Me barasa ke yi wa maiƙon jini?

Takardar gwaji takan nuna lambobi uku. LDL shi ne ke kai kolestarol ga sassan jiki, kuma shi ne ke shigewa bangon jijiya ya taru har ta ƙuntata. HDL yana kwaso kolestarol ya mayar hanta, shi ya sa aka yi masa laƙabi da "mai kyau". Sai tiragiliserid, wato kitsen da ke yawo a jini a matsayin makamashi.

Babu gardama cewa barasa tana ɗaga HDL. A 1999 Eric Rimm na Jami'ar Harvard da abokan aikinsa sun tattara gwaje-gwajen da aka bai wa mutane barasa ana auna jininsu, suka ga giram 30 a rana yana ƙara HDL da kimanin miligiram 4 a kowace desilita. Hanta tana ƙara ƙera furotin da ake gina HDL da shi, sannan aikin wani furotin mai suna CETP, da ke kwashe kolestarol daga HDL, yana raguwa. Amma a wannan binciken dai tiragiliserid ma ya ƙaru da kusan miligiram 6. Dalilin yana cikin matakai biyun nan na hanta: kowannensu yana cinye sinadarin NAD, wanda shi ne hanta ke buƙata wajen ƙona kitse. Idan ya yi ƙaranci kitse ya taru a hanta, ta riƙa turo shi cikin jini, barasar kuma tana rage saurin share shi. LDL kuwa ba ya wani motsi a zo a gani.

Shekarun fata

A 1992 Serge Renaud ya yaɗa abin da aka kira abin mamakin Faransa: mutanen da ke cin kitse da yawa amma ciwon zuciya bai yi musu yawa ba, aka ce ruwan inabi ne sirrin. Bincike bayan bincike ya riƙa nuna abu ɗaya, cewa masu shan kaɗan sun fi marasa sha da mashaya duka lafiyar zuciya.

A 2001 mujallar likitanci ta New England ta buga binciken Lisa Hines kan likitoci maza na Amurka. Masu kwafi biyu na ADH1C mai jinkiri, waɗanda kuma ke sha kullum, sun fi kowa yawan HDL da ƙarancin ciwon bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya farat ɗaya. Bayanin ya shiga hankali: barasa ta fi daɗewa a jininsu, don haka ta fi yi musu amfani. A 2014 masu bincike a Gotenbag ta Suwidin suka ce kariyar ta taƙaita ne ga masu wani nau'i na CETP, kimanin kashi 15 cikin 100 na jama'a. Daga nan aka fara hasashen ranar da likita zai duba gadon mutum ya ce masa sha ko kada ka sha.

Abubuwa biyu suka rushe wannan. Na ɗaya, waɗannan bincike ƙanana ne, 'yan ɗaruruwan marasa lafiya da aka rarraba gida-gida har wani rukunin ya koma 'yan tsiraru, kuma da aka maimaita batun ADH1C a wasu ƙasashe sakamakon bai tsaya wuri ɗaya ba. Na biyu, shi kansa HDL ya sauka daga karagarsa. Kamfanin Pfizer ya ƙera maganin torcetrapib da ke toshe CETP, ya ɗaga HDL da kusan kashi 70 cikin 100, amma a Disambar 2006 aka dakatar da gwajinsa domin masu shansa sun fi mutuwa. Wasu magungunan da aka gwada daga baya, har da niyasin, sun ɗaga lambar ba tare da rage bugun zuciya ba. A 2012 wani babban bincike a mujallar Lancet ya nuna cewa mutanen da suka gaji HDL mai yawa ta wata ƙwayar gado ba su fi kowa tsira ba. Fahimtar da ta fi rinjaye yanzu ita ce HDL alama ce ta yanayin jiki, ɗaga lambar kaɗai ba ya gyara jijiya.

Ƙuri'ar Mendel

Matsalar tsoffin binciken ita ce su wa ake kwatantawa da wa. Tun 1988 Gerald Shaper a Birtaniya ya lura cewa a ƙasashen da sha ya zama al'ada, rukunin "marasa sha" cike yake da waɗanda suka daina saboda rashin lafiya, da tsofaffi, da masu shan magunguna. Masu shan kaɗan kuwa galibi su ne masu hali da ilimi, masu motsa jiki da ganin likita a kan kari. Idan aka jera su, barasa za ta karɓi yabon da ba nata ba. Gwajin da zai raba gardama shi ne a raba dubban mutane gida biyu ta ƙuri'a, a ce wa rabi su sha tsawon shekaru. Hukumar binciken lafiya ta Amurka ta fara irin wannan gwaji na kusan dala miliyan 100, amma ta soke shi a 2018 bayan an gano yadda jami'anta suka nemi kuɗin daga kamfanonin giya.

A nan ne ƙwayoyin gadon suka yi amfanin da ba a zata ba. Wane kwafi mutum zai gada daga iyayensa ƙuri'a ce da aka jefa tun yana ciki, kafin ya yi arziki ko talauci, kafin ya kamu da wata cuta. Tun da masu ADH1B mai sauri ko ALDH2 gurgu suna shan ƙasa da sauran tsawon rayuwarsu, kwatanta su da sauran jama'a ya yi kama da gwajin da aka kasa yi. Ana danganta dabarar da Gregor Mendel, wanda ya gano ƙa'idojin gado.

A 2014 Michael Holmes da tawagarsa suka haɗa bincike 56 na mutum 261,991 'yan asalin Turai. Masu ADH1B mai sauri suna shan ƙasa da sauran da kimanin kashi 17 cikin 100. Da a ce barasa kariya ce, su ya kamata su fi ciwon zuciya. Akasin haka aka gani: hawan jininsu ya fi ƙasa, ƙugunsu ya fi siranta, haɗarin cutar jijiyoyin zuciya ya ragu da kusan kashi 10 cikin 100, har a cikin masu shan kaɗan.

Binciken da ya fi ƙarfi daga Sin ya fito. Shirin Kadoorie ya ɗauki mutum fiye da 500,000 a yankuna goma tsakanin 2004 da 2008, aka bi su kimanin shekara goma, aka duba ƙwayoyin gadon mutum 161,498. Iona Millwood da abokan aikinta suka buga sakamakon a Lancet a 2019. Da aka bi abin da mazan suka faɗa da bakinsu, tsohon hoton ya sake fitowa, masu shan kaɗan sun fi lafiya. Da aka bi gado, sai hoton ya ɓace. Kowane ƙarin giram 280 a mako, wato ma'auni huɗu a rana, ya zo da ƙarin maki 4 zuwa 5 a lambar sama ta hawan jini, ƙarin kashi 27 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki ta toshewar jijiya, da ƙarin kashi 58 cikin 100 na wadda fashewar jijiya a ƙwaƙwalwa ke jawowa. Babu wani matakin sha da haɗarin ya sauka. HDL ya hau tare da shan kamar yadda aka sani, amma bai hana komai ba.

Matan Sin su suka zama ma'aunin tabbatarwa. Kashi 2 cikin 100 kawai na matan ke sha a kai a kai, mazan kuwa kashi 33. Matan suna ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya da mazan, amma a wurinsu ba su sauya hawan jini ko shanyewar jiki ba. Ke nan barasar ce ke aikin. A 2022 wani binciken na mutum 371,463 a Birtaniya ya ƙara da cewa haɗarin yana hawa a hankali a ƙaramin sha, sannan ya yi tsalle idan shan ya yi yawa.

Abin da ɗaya ɓangaren ke riƙe da shi

Masu ganin akwai ɗan amfani ba su rasa hujja ba. A binciken na Sin, bugun zuciya shi kansa bai ƙaru ba bai ragu ba, kuma mai yiwuwa illar hawan jini da amfanin da barasa ke yi wajen rage daskarewar jini ne suka ci juna. Mazan da aka bincika galibi masu shan barasa mai ƙarfi ne, ba ruwan inabi tare da abinci ba. Dabarar Mendel kuma ta fi iya gano tasirin matsakaicin sha na tsawon rai, tana da rauni wajen bambance mai kofi ɗaya kullum da mai tara bakwai ya shanye daren Asabar. Rahoton Amurka na 2024 ya yi ƙoƙarin kauce wa matsalar Shaper ta hanyar kwatantawa da waɗanda ba su taɓa sha ba kaɗai, ya kuma sami ragin.

Sai dai shi ma wannan rahoto a kan binciken lura ya dogara, wato bin abin da mutane ke sha da kansu ba gwaji ba, bai ce barasa ce sanadi ba, kuma ya sami ƙarin haɗarin sankarar mama ga mata masu matsakaicin sha. Idan aka ɗora hujjojin a sikeli, ga inda suka tsaya: illar barasa ga hawan jini da shanyewar ɓarin jiki ta tabbata, batun bugun zuciya a ƙaramin sha bai gama warwaruwa ba, kuma babu wata babbar ƙungiyar likitocin zuciya da ke ba wanda ba ya sha shawarar ya fara.

Gadon da ke cutarwa ta wata ƙofa

ALDH2 gurgu yana kare mutane da yawa domin yana hana su sha. Wanda ya daure ya ci gaba saboda matsin abokai ko wurin aiki, kamar yadda ake gani a Japan da Koriya, shi ne ke cikin haɗari. Tun 2009 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya asetaldehayid na barasa a sahun farko na masu jawo ciwon daji, kuma haɗarin kansar bututun abinci ga mai kwafi ɗaya da ke sha yana ninkuwa sau da dama. Wasu kan sha maganin gyambon ciki irin su famotidine don fuskar ta daina ja. Jan ne kawai ke raguwa, gubar tana nan.

Enzayim ɗin yana da wasu ayyuka da ba su shafi barasa ba. Shi ne ke kunna maganin nitroglycerin da ake sa wa a ƙarƙashin harshe lokacin ciwon ƙirji, don haka maganin yakan yi rauni ga masu gurgun nau'in. Likitocin Japan sun kuma danganta shi da ciwon ƙirjin da matsewar jijiyar zuciya ke kawowa. Wannan ma wani dalili ne da ya sa sakamakon bugun zuciya a Gabashin Asiya ke da wuyar fassara.

Akwai kuma gadon da ba ya cikin hanta. A 2018 wani bincike ya gano cewa kusan kashi 10 cikin 100 na waɗanda barasa ta kumbura wa zuciya suna da lahani a ƙwayar gadon titin, furotin da ke riƙe tsokar zuciya, alhali a sauran jama'a bai kai kashi 1 ba. Wanda ke da tarihin kumburin zuciya a danginsa, abin da wani zai sha ya tashi lafiya shi yana iya kai shi ga gazawar zuciya.

Ina Afirka ta Yamma a cikin wannan?

Kusan duk alƙaluman da ke sama daga Turawa da mutanen Gabashin Asiya aka samo su. ALDH2 gurgu kusan babu shi a Afirka, saboda haka rashin jan fuska ba shaidar tsira ba ce, kuma gwajin da kamfani ya gina kan rs671 ba zai faɗa wa Bahaushe ko Bayarabe wani abin kirki ba.

Abin da ya shafe mu kai tsaye shi ne hawan jini. Binciken SIREN da Mayowa Owolabi ya jagoranta a asibitocin Najeriya da Gana, har da na Kano da Zariya, wanda aka buga a 2018, ya ɗora kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a kan hawan jini, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu cutar fashewar jijiya ce ta same su. Wannan shi ne ainihin nau'in da binciken Sin ya nuna barasa ta fi tunzurawa. Daga jinin Afirka kuma aka sami ɗaya daga cikin hujjoji mafiya ƙarfi kan LDL: a 2006 an gano cewa baƙaƙen fatar Amurka masu lahani a ƙwayar gadon PCSK9 suna da LDL ƙasa da na sauran da kashi 28 cikin 100, cutar jijiyoyin zuciya kuma ta ragu musu da kashi 88. Irin wannan hujja ce HDL ya kasa samu.

Karanta takardar gwaji

Lambar da likita zai fi dubawa ita ce LDL, ko kuma jimillar kolestarol bayan an debe HDL. A lissafin miligiram a kowace desilita, HDL ƙasa da 40 ga namiji ko 50 ga mace gargaɗi ne, amma HDL mai yawa a jikin mai sha ba abin murna ba ne, sau da yawa shaidar shan ce kawai. Tiragiliserid ƙasa da 150 shi ne daidai. Idan ya haura 500 akwai haɗarin kumburin pankiriyas, sashen ciki da ke samar da insulin, kuma ga wanda ya gaji raunin share kitse ko yake da ciwon suga, dare ɗaya na sha yana iya kai shi can. Barasar da aka sha kwana ɗaya kafin gwaji tana ɓata wannan lamba, don haka ake son a ƙaurace mata aƙalla awa 24, a kuma faɗa wa likita gaskiyar adadin, musamman mai shan maganin hana daskarewar jini na warfarin ko magungunan rage kolestarol.

Ragewa tana nuna sakamako cikin makonni. Tattara gwaje-gwaje da aka buga a 2017 ya nuna cewa masu shan ma'auni shida (na giram 12 kowanne) ko fiye a rana, idan suka rage rabi, lambar sama ta hawan jini tana sauka da kimanin maki 5.5. A wani gwaji a Ostireliya da aka buga a 2020, masu rikicewar bugun zuciya da suka daina sha kashi 53 cikin 100 ne ciwon ya dawo musu cikin wata shida, waɗanda suka ci gaba kuwa kashi 73. HDL zai ɗan sauka bayan dainawa, kuma wannan ba koma-baya ba ne. Wanda ya daɗe yana sha da yawa kullum, musamman mai karkarwar hannu da safe, bai kamata ya yanke lokaci guda shi kaɗai a gida ba: farfaɗiya da ruɗewa na iya zuwa cikin kwana biyu zuwa uku, kuma suna iya kisa, don haka a asibiti ake yin wannan, da magani da sa ido.